Jar Motar da Aka Ce Yaya Lawali Ya Sata

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Lawali. Ya rasu ne a cikin motar wani, a fakon da ke bayan tabkin Madarumfa, inda ruwa ke janyewa da rani ya bar ƙasa ta bushe ta yi tauri. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin. Yanzu ina lise, wato babbar sakandare, kuma har yau idan aka ambaci sunansa a garin nan, sai wani ya rage murya ya ce, "Ai yaron nan da ya ɗauki motar mutane." Wannan maganar ce ta sa ni rubutu, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Yaya Lawali makaniki ne, irin waɗanda ake kira Usta, a wani garaji da ke bakin gudron, titin kwalta mai zuwa Maraɗi. Ba ya yawan magana a gida. Yakan shigo da yamma ya wanke hannu da omo da yashi, amma baƙin mai ba ya barin ƙarƙashin farcensa, Inna ta yi ta faɗa wai zai ɓata mata tuwo. Yana da mata, Ramatu, da ɗa guda, Nasiru, wanda a lokacin bai daɗe da fara tafiya ba. Abin da yake so a duniya bai wuce inji ba. In mota ta wuce muna cikin cin abinci, sai ya tsaya da loma a hannu, ya karkata kai, har ƙarar ta ɓace.

A shekarun nan ne ƴaƴan masu kuɗi suka gano fakonmu. Ranar Lahadi suke zuwa, wasu daga Maraɗi, wasu daga tsallaken iyaka ta Ɗan Issa, da wasu irin motoci masu ƙofa biyu, gajeru har kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinsu. Su jera tsofaffin tayoyi su zagaye fili, su yi ta tsere har la'asar. Ƙurar ta sauka kan tumatir da salak na masu lambu, ba wanda ya ce musu kanzil. Ɗaya daga cikinsu yana da jar mota, kuma Yaya ne ke gyara masa ita. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutanen garinmu sun san shi, shi ma ya san kansa.

Ranar da abin ya faru, Inna ta aike ni na kai wa Yaya fura, don tun safe aka ɗauke shi zuwa fakon. Na same shi durƙushe yana duba taya. Mai jar motar yana tsaye a kansa, da farar shadda da baƙin tabarau, yana ƙanshin turaren da ya fi ƙarfin warin fetur. An cinye shi sau biyu a ranar, abokansa suna ta yi masa dariya. Sai ya kaɗa makullin a yatsa, ya jefa wa Yaya.

"Usta, yau kai za ka fitar da ni kunya. Shiga ka nuna musu."

Yaya ya ce, "Maigida, ni da motar manya? In na goge ta fa?"

"Ka goge ta, ka ƙona ta in ka so. Tana da asiransi, sai su ba ni sabuwa."

Aka yi dariya. Mutanen da suka ji wannan magana sun fi na kasuwar kifi yawa, wasu ma da salula a sama suna ɗauka. Yaya ya kurɓi furar sau ɗaya, ya cire takalminsa ya miƙo mini, don ba ya tuƙi da takalmi. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba.

A gefen da ke kusa da ruwa ƙasar ta bushe ne daga sama kawai, ƙarƙashinta taɓo ne. Nan taya ta nutse, motar ta tashi sama ta juya. Kafin a kai shi likita a Maraɗi, rai ya yi halinsa.

Mutuwa ta Allah ce, ban yi jayayya da wannan ba. Abin da ya biyo baya kuwa mutane suka yi shi, da hannunsu da bakinsu.

Ranar sadakar uku, mahaifin mai motar ya zo da jama'arsa. Babban Alhaji ne, aka shimfiɗa masa darduma kusa da liman. Ni ina bayan zana ina zuba ruwa a butoci, ina jin komai. Bayan addu'a sai Alhaji ya gyara murya ya ce wa Baba, "Malam Idi, ƙaddara ta riga ta faru ta hannun yaronmu. Kuma akwai wata ƴar magana ta takarda da za ta taso, muna roƙon..."

Baba bai bari ya ƙarasa ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, kada ka ce komai. Mun yafe, duniya da lahira."

Jama'a suka ɗauki kabbara, ana ta sa wa Baba albarka. Haka ake yi a wajenmu. Wanda aka yi wa mutuwa ba ya tambaya, ba ya bari mai neman gafara ya wahala da bayani, don kada a ce bai karɓi ƙaddara ba. Wanda ya fi saurin yafewa shi ne ya fi imani. Baba mutumin lambu ne, da hannu yake ban ruwa, bai taɓa ganin takardar asiransi ba a rayuwarsa. Ya ɗauka jinin ɗansa ake roƙonsa ya yafe. Alhaji kuwa ya san abin da ya zo karɓa, ya karɓa ya naɗe ya tafi da shi.

Sai daga baya mai garajin da Yaya ke aiki ya zo ya warware mana maganar, yana kallon ƙasa. Asiransin mota, wanda mutanen Najeriya ke kira inshora, na tafiya bisa hanya ne. Idan ka kai motarka wurin tsere ta ragargaje, kamfanin ba ya biyan ko sisi, don kai ka kai ta da gangan. Amma idan sace ta aka yi, irin asiransin da manya ke saye yana biya. Saboda haka aka rubuta cewa makanikin ne ya ɗauke motar daga garaji ba da sanin mai ita ba, ya tafi fako yana wasa da ita. Ba a rubuta tsere ba, ba a rubuta tayoyin da aka jera ba, ba a rubuta sauran motocin ba. Fili guda cike da mutane aka share, aka bar Yaya shi kaɗai da motar sata.

Na gaya wa Inna abin da na gani, Inna ta gaya wa Baba. Baba ya ce ya riga ya yafe a gaban liman da jama'a, dattijo ba ya mayar da irin wannan magana. Maƙwabta suka yi ta ba mu haƙuri. "Maganar takarda ce kawai, kowa ya san Lawali ba ɓarawo ba ne." Waɗanda suka ɗauka a salula suka ce wayar ta lalace, ko an sake ta. Ba wanda ke son ɓata da Alhaji, don rabin matasan unguwarmu a motocinsa suke lodi. Kafin damina ta faɗi, an ga ɗansa da sabuwar mota.

Wannan "kowa ya sani" ita ta fi ƙona mini rai. Kowa ya sani a shekarar farko. A ta biyu wasu suka tafi cin rani, wasu suka mutu, wasu suka gaji da tunawa. Aka haifi yara, aka auro mata daga Sarkin Yamma da wasu garuruwan, aka kawo sababbin malaman lakwal, wato makarantar boko. Su ba su ga komai ba, labari suka tarar, kuma labarin da ya fi sauƙin faɗi shi ne na takarda: makaniki ya ɗauki motar maigidansa ya kashe kansa. Har na ji wata tana yi wa ɗanta gargaɗi da shi a bakin famfo, tana cewa in bai daina taɓa kayan mutane ba zai ƙare kamar Lawali. Ina tsaye da bokiti a bayanta. Na cika bokitin na tafi.

Ina yawan tunanin abin da Yaya zai ce in ya ga fakon yau. Tseren bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi. Yanzu akwai rumfuna da lasifika, akwai masu sayar da tsire da lemu. An ce har wani asiransi na musamman suke saye don ranar tsere, wanda ke biya ko da a fili motar ta kife. Sun koyi darasi ke nan: sun gano yadda za su kare ƙarfensu ba tare da ƙarya ba. Na tambayi wani yaro da ke tuƙa musu ko shi ma yana cikin abin da aka kare. Ya yi dariya ya ce shi Allah ne asiransinsa. Na san Yaya, da ya ji wannan amsar zai yi dariya shi ma, ya karkata kai yana sauraren inji, kuma in aka sake jefa masa makulli zai cafe. Shi ma ina jin haushinsa a kan haka. Ya bar mu da yaro, saboda yana son ya ji yadda motar manya ke tashi.

Nasiru ya shiga lakwal bara. Ramatu ta yi aure a Maraɗi, shi yana wurinmu, ni nake yi masa wanka da safe. A watan jiya ya dawo da riga a yage da leɓe a kumbure. Bai yi kuka ba. Sai da nake goge masa baki da ruwan ɗumi ya ce, "Gwaggo, wai Babana ɓarawon mota ne?"

Na ce, "Ƙarya ne. Ba shi aka yi. Ina wurin."

Ya ce, "Ai sun ce ke ƙanwarsa ce, dole ki ce haka."

Na ɗauke shi na kai gaban Baba, wanda ke zaune yana gyara igiyar guga. Ban taɓa tsayawa gaban Baba da magana irin wannan ba. Na ce Nasiru ya maimaita abin da ya faɗa. Ya maimaita. Baba ya ce a hankali, "Dije, na riga na yafe."

Na ce, "Baba, ran Yaya ka yafe. Lokacin da ka yafe ba a riga an kira shi ɓarawo ba. Wannan na Nasiru ne, kuma shi ba a tambaye shi ba."

Ya ci gaba da murza igiyarsa. Na ɗauka maganar ta mutu.

Lahadin da ta biyo baya, bayan azahar, Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kama hannun Nasiru, ya ce in biyo su. Tun rasuwar Yaya bai taka fakon nan ba. Muka ratsa ta cikin jama'a har rumfar manya. Mai jar motar yana nan, ya yi ƙiba, yana jingine da wata shuɗiyar mota. Da ya gane Baba sai ya rusuna, ya sa hannu a aljihu.

Baba ya ce, "Bar hannunka inda yake, ɗana. Ban zo karɓar yafiyata ba, tana nan yadda na ba ku. Wanga yaro ɗan Lawali ne. Gaya mashi wa ya ba ubansa mota."

Mutumin ya kalli abokansa, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Baba, ai maganar ta wuce."

"Ba ta wuce ba, ga ta nan a leɓen yaro."

Ƙarar injuna na tasowa daga can fili. Mutumin ya ce da wata ƙaramar murya, "Ni na ba shi."

Baba ya ce, "Kunnena ya tsufa, kuma motocinku na da hayaniya."

"Ni na ba shi makulli. Ni na ce ya shiga."

Baba ya juya, muka kama hanyar gida. Ba wanda ya yi kabbara wannan karon.

Ba zan ce an yi mana adalci ba. Takardar tana nan inda take, a wani ofishi a Maraɗi, da sunan yayana a matsayin ɓarawo, kuma ba na jin akwai mai taɓa ta. Waɗanda suka ji wannan furuci ba su wuce cikin rumfa guda ba, kuma yawancinsu mutanensa ne. Sauran kuwa, ku da kuka tsaya a fakon nan shekara shida da suka wuce kuka gani da idonku, har yau ban ji bakinku ba, kuma ban yafe muku shirunku ba. Ni ba dattijuwa ba ce, ba wanda ya taɓa neman yafiyata.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba, kayan aikinsa ma na garaji ne. Suna kawai ya bari da yaro guda, kuma sunan aka sayar don a sayi mota. Washegarin wannan Lahadin da safe ina ɗaure wa Nasiru jaka, ya ce kada in raka shi yau. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa. Kafin ya kai kwana na ji muryarsa yana ƙwala wa yaran da ke gabansa kira, "Kai, ku tsaya! Mai motar da kansa ya faɗa, da kunnena na ji!"