Jakar da Na Ɗinka wa 'Yancin Kaka

Ranar Asabar, ɗaya ga watan Oktoba na shekarar 1960, ina tsaye a layi na biyu a filin makarantar elemantare ta Bagudo, rana ta take, ƙafafuna babu takalmi, sai ɗaga wannan nake ina sauke waccan saboda zafin rairayi. Shekarata tara. An yi mana kitso tun jajibiri, an mulke mu da man shanu har ƙudaje suna binmu, kuma tun safe muke rera waƙar da babu ɗayanmu da ya san ma'anarta. Kowa ya zo ne ya ga tuta ya ci shinkafa. Ni kaɗai na zo da wata buƙata ta daban, domin a ƙarƙashin rigata akwai wata 'yar jar jaka da na ɗinka da hannuna, tana manne da ƙirjina, a cikinta kuwa akwai abin da ya fi komai daraja a ɗakin kakata. Sato shi na yi, kuma a ganina taimako ne.

Gidanmu gidan dukawa ne, wato masu ɗinkin fata. Tun daga bakin hanya za ka ji warin bagaruwa da fatun da majema suka kawo. Babana yana zama a zaure kan ƙirgi, basilla a hannu, zaren fata a baki, yana ɗinka burgame na matafiya, da gafaka ta malamai, da alabe mai aljihu uku, da zabirar wanzamai. Ba ya magana in yana aiki, in ma ka tambaye shi abu da gira yake amsawa. Mata ba sa riƙe basilla a gidanmu, namu shi ne rini da yankan tuntu. Mu yara kuwa mu ne 'yan tsintar bagaruwa, da jan ruwa, da korar awaki kada su tauna fatar da aka shanya. In mun samu sarari mu yi 'yar carafke da duwatsu a gindin turmi, ko mu tattara guntayen fata mu yi wa 'yan tsanarmu na kara takalma.

Shugabar rini ita ce Kaka Alheri, mahaifiyar babana, 'yar siririyar tsohuwa mai wasu zane-zane a kumatu da ban taɓa gani a fuskar kowa ba a garinmu. Hannuwanta sun rine har gwiwa, ko Sallah ba sa fita. Ita ke daka karan dafi ta jiƙa da ruwan toka ta fitar da ja, ita ke haɗa kuloko baƙi da gangamau rawaya. In ta shafa ja a fata, sai ta bi shi da ruwan tsamiya, ta shanya a inuwa, ta goge da mai, sannan ta yarda a taɓa. In muka yi gaggawa sai ta ɗaga mana yatsa ta ce, "Jan da bai sha tsamiya ba, baƙo na, kwana guda shikai shi wuce." Mun sha jin wannan magana har muna kwaikwayonta a bayan ɗaki.

A ɗakinta nake kwana, ni ke share mata shi, don haka na san abin da ke cikin kowace tasa. A tasa ta can ƙasa akwai wata tsohuwar jaka kamar laya, an ɗinke bakinta, fatar ta yi baƙi ta tsattsage. Marigayi kakana ne ya ɗinka mata. Da na dame ta da tambaya wata rana, sai ta leƙa ƙofa, ta rage murya ta ce, "'Yancina na. Takarda ta, alƙali yab ba ni. Ciki akwai sunan garinmu, can ƙetaren iyaka. Ni ban riƙe shi ba, ina ƙarama anka taho da ni. In kin iya karatu ke za ki karanta mani, ban son bare shi gani." Ashe shi ya sa da aka zo ɗaukar yara boko, mata suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ita ta kamo hannuna ta miƙa. Ba ta san karatun boko daban, rubutun alƙali daban ba. Ni ma a lokacin ban sani ba, kamar yadda ban san mene ne 'yanci ba. Na dai ɗauka wani abu ne da tsofaffi ke ajiyewa a tasa, kamar murjani.

To, sai ga shi a damina ta wannan shekara malaminmu, Malam Garba, ya shigo aji yana murmushi ya ce an kusa ba mu 'yanci, kowa da kowa, babba da yaro. Nan kaina ya fara ɗaurewa. A duk garin mutum ɗaya na sani mai 'yanci, ita ma ɓoye shi take. Ina za a samo tasoshin da za su ishi kowa? Ana cikin haka sai Kawu Arzika, ƙanen innata, wanda ke ɗaukar jakunkunan babana a kan jaki yana kai wa kasuwannin Dahome, ƙasar da yau ake kira Benin, ya dawo ya ce ai su can tuni suka karɓi nasu, wata biyu kafin namu. Na ce ya nuna mini ko guda ɗaya. Ya yi dariya har ya ƙware da fura, ya ce a can ya baro shi, ya yi wa jaki nauyi. Na tambayi innata, ta ce in je in ɗebo ruwa. Na tambayi babana, ya ɗaga gira.

Da babu mai gaya mini, sai na zauna na haɗa lissafina ni kaɗai. Bara an kawo sababbin kuɗi, an yi shela cewa kowa ya kai tsoho a canza masa, don wata rana zai daina ci. Na ga yadda tsofaffi suka yi ta tono tukwanen kuɗin da suka binne. To in sabon 'yanci zai zo ranar Asabar, ai tsohon zai daina ci ke nan. Kaka kuwa ba za ta fita da nata ba, tun da ko ƙofa sai ta leƙa kafin ta ambace shi. Idan ban tashi ba, gari zai waye kowa da sabo, ita tana rungume da wanda ya mutu. Tausayinta ya kama ni har na yi hawaye. Na yanke shawara zan kai a canza mata, in dawo da sabo a cikin sabuwar jaka, in ga yadda za ta yi murna.

Kwana uku na yi ina aikin jakar a bayan rumbu. Na tsinci guntun fatar akuya fara mai laushi, na ɗauki tsohuwar basillar da babana ya yar, na yi ta huda ina ɗinki yadda na saba gani ta gefen ido. Na soki yatsana ban san sau nawa ba, na tsotse jinin na ci gaba. Ɗinkin ya karkace kamar hanyar tururuwa, amma ya kama, har tuntu na yi mata guda biyu. Ranar Juma'a da la'asar, mata suna can suna kitso, na tsoma ta cikin kaskon karan dafi na Kaka, ciki da waje, ta fito jawur har sai da na yi tsalle. Tsamiya tana cikin ɗakin innata, kuma in na shiga za a tambaye ni. Na ce a raina ai kwana ɗaya ne. Da safe Kaka ta zaga bayan gida, na farke bakin tsohuwar jakar, na zaro takardar, na cusa tsumma a madadinta. Jakata ba ta gama bushewa ba, na ji sanyinta a ƙirji, na ruga makaranta.

Mun daɗe a rana. An yi jawabai, an yi maci, gumi yana bin jikina har cibiya. Aka ɗaga tuta, aka yi tafi, aka raba mana 'yan ƙananan tutoci masu kore da fari. Na juya tawa gaba da baya ban ga rubutu ba, na ce wannan ba shi ba ne, na gasken yana wurin manya. Da aka watse aka nufi wurin shinkafa, sai na bi Malam Garba har gindin ɗorawa, na ciro jakar na ce, "Malam, ga tsohon na Kaka, a canza mata da sabo." Ya dubi rigata, sai a lokacin na ga gabanta ya rine ja kamar an yanka kaza a kaina. Ya buɗe jakar a hankali. Takardar ta jiƙe ta manne, da ya lallaɓa ya ware ta, tawadar ta narke ta gauraya da ja, layukan sun zama kwata. Bisimilla ce kawai ta tsira a sama, sai hatimi a ƙasa da 'yan kalmomi nan da can. Ya daɗe yana dubawa, murmushinsa ya ɗauke. Ya tsuguna daidai tsayina ya ce, "Kulu, wagga takarda ta wanda anka fitar daga bauta ta. Ba a canza ta. Mai da ita gida, kada ki nuna ma kowa." Na ce ya karanta mini sunan garin. Ya sake dubawa, ya girgiza kai.

Ban ci shinkafar ba. Hanyar gida da nake yi a guje, ranar sai da na yi ta kamar mai tafiya har garin Zagga a ƙasa. Kakata baiwa? Wadda babana ke tuɓe takalmi kafin ya shiga ɗakinta? Kuma in takardar ce ta fitar da ita, ni kuma na goge takardar, ai na mayar da ita ke nan. Duk mai rawani da na hango sai in ce shi ne ya zo tafiya da ita. Gari na ta kiɗa, kowa ya samu 'yanci yau, ni na ɓatar da na mutum ɗaya tak da ke da shi tun da.

Na same ta a inuwar ɗaki tana tankaɗe garin karan dafi. Na zube gabanta, na miƙa mata, ina kuka ina cewa kada ta yarda su tafi da ita, a tafi da ni. Ta ware takardar a kan cinyarta. Ta shafa wurin da rubutun yake da, ta sake shafawa, kamar mai lallashin jariri. Da na gama kora mata bayani cikin shessheƙa, sai ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki ta ce, "Ke ɗiyag ga, wa za shi sayi tsohuwa da ba ta da haƙori?" Sannan ta tambaya a hankali, "Sunan garin fa? Malamin ya gani?" Na ce ya goge. Ta kalli yamma, wajen iyaka, ta daɗe. Na so ta doke ni, ba ta doke ni ba. Jakata ta ɗauka, ta juya ta, ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ga bai saki ba. Ta ce, "Ɗumki ya yi. Jan na bai sha tsamiya ba." Da takardar ta bushe ta ninke ta, ta mayar cikin jakata, ba cikin ta kakana ba, ta rataya a wuya. Ba ta gaya wa babana ba, sai dai bayan kwana biyu ta shiga zaure ta ce ya ba ni basilla mai kyau. Ya ɗaga gira, ta tsaya a kansa har ya miƙo. Da jakar a wuyanta ta rasu bayan shekara shida.

Yau na tsufa, na bar aikin koyarwa, na koma wa basilla. Ina ɗinka jakunkunan mata ina ba jikokina suna ɗaukar hotonsu a waya, masu so su aiko. Rini yanzu a gwangwani yake zuwa, ba ya zuba, ba ya neman tsamiya, amma ni har gobe sai na bi ja da ruwanta, jikokin suna yi mini dariya. Iyakar da Kawu Arzika ke kwana a hanya kafin ya kai, yanzu ɗan acaɓa zai kai ka ya dawo da kai kafin azahar. Na haye ta ba sau ɗaya ba, na bi kasuwanni ina leƙen fuskokin tsofaffi ko zan ga zane irin na Kaka, ina tambayar garin da ban san sunansa ba. Na koyi karatun boko, daga baya na koyi na alƙalai, duka biyu na iya. Karatu ɗaya tak aka aike ni in yi, shi ne ban yi ba.