Sabo Mai Kaji da Jijiyar da Ta Rage

Duk wanda ya taɓa sayen kaza a Kasuwar Rimi ya san Sabo, ko bai san sunansa ba ya san hannunsa. Fatar yatsun ta yi fari ta tattare, don ta fi shekara talatin tana shiga tafasasshen ruwa. A Dala aka haife shi, a wani lungu da adaidaita ba ta iya shiga, sai dai ta sauke ka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Ubansa baduku ne, amma zaman allura ya gagari Sabo, ya gudu kasuwa tun yana saurayi. Ya yanka, ya tsoma a ruwan zafi, ya fige, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa kazarka tana leda. Magana kuwa sai ka roƙa. 'Yan unguwa kan ce da aka zo rabon baki a gidan, matarsa ce ta karɓi nata ta karɓi nasa.

'Yardada ke nan, mai tuyar alkaki da dubulan na biki. Takan yi wa kasko faɗa, ta yi wa itace faɗa, in babu kowa a tsakar gida ta ba kanta labari ta kuma yi dariya. Abu ɗaya ne bai taɓa fitowa daga bakin nan ba cikin shekara talatin da ɗaya na aure, wato sunan mijinta. Tarbiyyar mutanen da ce. A gaban jama'a Malam ne, in tsokana ta motsa mata kuma mai kaji. Sabo yakan yi kamar surutun ya ishe shi, alhali ranar da ta tafi suna ta wuni, gidan yakan yi masa faɗi har ya rasa inda zai zauna.

Shekara biyu da suka wuce wata mata ta tsaya a rumfarsa da ƙaramar kula a hannu. Dakta Rahma ce, 'yar Goni Modu na Zangon Barebari, likitar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ba ta daɗe da dawowa daga Japan ba, inda ta je ƙarin horo kan aikin gindin ƙoƙon kai da jijiyoyin jinin da ke cikinsa. Fukafukai shida take so duk Talata da Juma'a, fukafukai kawai, kuma a fige su a bushe, kada ruwan zafi ya taɓa su.

Sabo ya ce to. Da ta juya ya tsoma su a tukunya, don a ganinsa mace mai boko ina za ta gane. Ranar Juma'a ta dawo ta ajiye masa su a kan tebur.

"Malam Sabo, ka dafa min jijiyoyin."

Ta buɗe wayarta ta nuna masa. Ashe cikin fiffiken kaza akwai wata jijiyar jini siririya kamar zaren ɗinki. Kullum da safe takan sa ta ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta yanke ta biyu, ta sake ɗinke ta da zaren da bai kai kaurin gashi ba. Ta ce irin wannan jijiyar ce a kan mutum, kuma hannun da ya yi mako bai ɗinka ba ya fara mantuwa. Sabo ya ji kunya, ya koma figar bushe, yana yi yana ƙunƙuni saboda tana cin lokacin kaza goma. 'Yan rumfa suna yi masa tsiya wai ya zama mai kai wa bokanya kayan aiki.

A damunar bana ciwon kai ya kama 'Yardada, a ɓangaren hagu, bayan ido. An sha ƙwayoyin kemis, an sha rubutu, an yi turare, ciwo yana nan. Sabo ya kasa ganinta tana matse kai tana shiru, sai ya yi abin da ya ga ubansa ya yi wa uwarsa, ya kira Muttaka wanzami a yi mata tsaga a fitar da mataccen jini. 'Yardada ta ce ita tsoron aska take ji. Sabo ya ce ta daure. Muttaka ya yi tsaga uku tsakanin ido da kunne, a ta ukun jini ya yi tsartuwa har bango. Ya danne wurin da tsumma tun hantsi har aka kusa kiran azahar kafin ya tsaya. Wurin ya warke, kallabi ya rufe tabon, ciwon kai bai tafi ko'ina ba.

Wata Litinin tana kwashe dubulan ta juyo za ta ce masa ya miƙo faranti, sai kalmomin suka fito a hargitse, babu kai babu gindi. Ta sake gwadawa, ta dube shi da idon da bai taɓa gani ba. Bayan kamar minti biyar maganar ta dawo, ta ce yunwa ce. Washegari da Dakta Rahma ta zo karɓar fukafukai, Sabo ya yi ta juya wuƙa a hannu, can ya faɗa mata. Ko kular ba ta buɗe ba.

"Yanzu tana ina? Je ka ɗauko ta. Ba gobe ba, yanzu."

Aka yi hoton kai. Likita ta zaunar da su biyun a ofis ta juyo musu allon kwamfuta. Wata babbar jijiya a gindin ƙoƙon kai ta kumbura gefe ɗaya kamar tiyub ɗin keke da ya gaji, in ta fashe shi ke nan. Dole a toshe ta. Amma ita ce ke kai jini ɓangaren da magana take fitowa, don haka kafin a toshe sai an yi wa jinin wata hanya.

"Akwai jijiya a nan ƙarƙashin fata," in ji ta, ta ɗora yatsa a gefen kanta, tsakanin ido da kunne. "Ita zan ɗauko in shigar ciki in ɗinke da ta ƙwaƙwalwa. Allah ya ajiye mana ita a kusa."

Sabo ya kalli yatsan likita. Ya kalli kallabin matarsa. Dakta Rahma ta taso ta ce wa 'Yardada, "Baba, bari in ji bugunta." Ta ɗaga kallabin, yatsanta ya tsaya a kan tabo uku. Ta daɗe tana lalube, tana matsawa sama tana dawowa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na ce a yi min, 'yar nan," in ji 'Yardada da sauri. "Kin san mu da taurin kai."

"Ƙarya take yi, likita," in ji Sabo. "Ta ce ba ta so. Ni na kira wanzamin, ni na riƙe mata kai."

Likita ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta koma kan hoton ta ƙura masa ido. Ta ce jijiyar reshe biyu gare ta. Mai kaurin, wanda ta so, aska ta datse shi ya mutu. Saura na baya, wanda ya hau saman kunne, shi kuma siriri ne ƙwarai, bai kai waɗanda ta saba ɗinkawa ba. In ɗinkin ya kama, alhamdu lillahi. In bai kama ba, mai yiwuwa Baba ta tashi da rai amma babu magana.

Aka sa aikin ranar Alhamis ta sama, aka kwantar da 'Yardada. A bakin ƙofa likita ta tsayar da Sabo.

"Daga gobe kullum nake son fukafukai, ba sau biyu a mako ba. Kuma na ƙananan kaji, mafi ƙanƙanta da za ka samu. Ina so hannuna ya saba da siririya kafin ranar."

Kwana takwas Sabo ya yi yana wannan aiki. Da sassafe yakan zaga kejin 'yan ƙauye yana ɗaga kaji yana ajiyewa, har masu kajin suka fara tambaya ko lafiya. Ya zauna a bayan rumfa ya ɗora fiffike a cinya, yana cire gashi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke fige kaza yana kallon titi, yanzu numfashi ma a hankali yake yi. A rana ta uku hannunsa ya goce ya yage fatar wani fiffike, ya ga 'yar jijiyar ta tsinke a fili. Ya daɗe yana kallonta. Nan ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar uwarsa, 'yan rumfar da ke yi masa tsiya kowa ya sami abin yi a wani gefen. Kullum in ya kai kular asibiti yakan tambayi likita, "Ya kama?" Wata rana ta ce huɗu cikin shida. Wata rana biyar. Ranar Laraba ba ta ba shi lissafi ba, ta ce ya yi addu'a kawai.

'Yardada kuwa ta mai da ɗakin marasa lafiya dandali. Ta san sunan kowace nas da garin da aka haife ta. Sabo yana zaune a gefe yana saurare, yana jin kowace kalma kamar ana ƙirga masa ita. Da safen Alhamis da aka zo tura gadonta, an aske mata rabin kai, ta dube shi ta ce, "Mai kaji, in na fito bebiya ka huta." Ya bi gadon har bakin ɗakin tiyata, aka rufe ƙofa.

Ƙarfe takwas aka shiga da ita. Sabo ya zauna a benci yana jan carbi yana ɓata lissafi. Aka yi azahar, ya yi salla bai san surar da ya karanta ba. Duk nas ɗin da ta fito sai ya miƙe, ta wuce shi. Aka yi la'asar. Rana ta yi sanyi kafin Dakta Rahma ta fito, shatin hular tiyata a goshinta, idanunta sun yi ja.

"Jini yana wucewa," ta ce. "Ɗinki goma sha ɗaya. An toshe kumburin. Maganar kuma ba zan yi maka alkawari ba sai ta farka sosai."

Washegari da hantsi aka shigar da shi. 'Yardada tana kwance, kai a naɗe da bandeji, idanu a buɗe. Likita ta ce ta matse mata yatsa da hannun dama, ta matse. Ta ce ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga. Sannan ta jawo Sabo gaban gadon.

"Baba, kin gane wannan? Faɗa min sunansa."

Shiru. 'Yardada ta kalle shi, leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito.

"Baba, sunansa. Gwada a hankali."

Shiru dai. Nas ta daina rubutu. Sabo ya ga fuskar likita ta canza, ta juya tana cewa a shirya a koma ɗakin hoto yanzun nan. Ya kama ƙarfen gado. Shi ke nan, ya ce a ransa, na yanke mata harshe da hannuna.

Sai ya ga hannun dama na 'Yardada yana lallaɓawa. Ta kamo bakin zanen gado, ta ja shi a hankali ta rufe bakinta, ta kau da ido gefen bango. Ya san wannan rufe bakin na kunya. Ya gan shi ranar da aka kawo ta gidansu, ya gan shi duk ranar da wani baƙo ya tambaye ta matar wa ce.

"Likita," ya ce. "Tsaya. Don Allah tambaye ta wani abin daban. Ba za ta faɗi sunana ba ko za a yanka ta."

Dakta Rahma ta dafe goshi. Tambayar da aka koya mata a can Japan ce, ta manta a Kano take. Ta sunkuya ta ce, "Baba, yi haƙuri. Me kike sayarwa?"

Zanen ya sauka kaɗan. Muryar ta fito a dishe, kalma tana jan kalma.

"Alkaki. Da dubulan." Ta huta, ta juyo da ido kan mijinta. "Kai kuma, mai kaji, ka tsaya nan kana kuka. Wa ka bar wa rumfa?"

Sabo ya zame ya zauna a ƙasa, a kan tayil ɗin asibiti, yana riƙe da ƙafar gadon.

"Ci gaba," ya ce. "Yi ta faɗa, ina ji."