Motar da Ake Miƙe wa Tsaye

Shekarar da matata ta sami ciki na biyu, akori-kura gare ni, ina jigilar dawa da gero daga Nasarawa Burkullu zuwa kasuwar Gummi. Da rani ba ta da laifi. Amma akwai wata fadama tsakanin unguwarmu da babbar hanya, in ruwa ya sauka tana riƙe mota kamar danƙo. Nan muka kafe a haihuwar fari, nan ɗan ya zo babu rai. Ungozoma ta ce wannan cikin ma sai asibiti, ga shi kuma zai faɗo tsakiyar damina.

Bakanikena na Gummi, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce in kawo akori-kurar ya ƙara mata sifirin, ya ɗaga ta, ya sa manyan tayoyi. Na ce, "Haba Baba, ko ka ɗaga ta ta kai rufin ɗaki, taya biyu ke ja." Na riga na ji labarin wata jif a Anka da magada ke sayarwa, an ɗaga ta, an gama mata komai, tayoyi huɗu duk suna ja. Ya ce, "Mai ita don aikinsa ya gyara ta. Ka tambayi abin da take ɗauka." Ni da ba a gama mini magana, tuni na kai ƙofa.

Wallahi motar ta yi. Sai dai an cire kujerun baya, an shimfiɗa katako dogo, da ƙarafa biyu a kwance a kansa, da zobba a gefe na ɗaure igiya. Cikinta ƙamshin kafur. Na ce madalla, ga wurin katifa. Ɗan marigayin ya miƙo mini makulli bai dubi motar ba ko sau ɗaya.

Da hantsi na kamo hanya. Ƙauyen farko, dattawa na zaune gindin tsamiya, sai na ga duk sun miƙe. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ƙauye na biyu ma haka, har wata mata ta sauke tulu ta dafe kai. Na leƙo na ce, "Lafiya? Ba ku taɓa ganin mota ba ne?" Ta madubi na ga suna nan tsaye, leɓunansu na motsi.

Ina tsayawa ƙofar gida, Inna ta fito ba mayafi.

"Wa anka kawo? Wa yar rasu?"

Ita ta gaya mini. Mai motar, aikinsa ke nan: ɗauko gawa daga asibiti zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ƙarafan nan na makara ne. Motar ce ta kawo gawar kawuna lokacin ina Gusau ina koyon tuƙi. Duk ƙasar nan an san ta, ni kaɗai ne baƙo.

Raina ya ɓaci. Na ce ƙarfe ne, ƙarfe bai san rai ba balle mutuwa. Na kwance ƙarafan, na wanke ta da sabulu, na sake mata fenti, na yi ta ɗaukar albasa. Amma da rana ta yi zafi sai kafur ɗin ya taso. Mutane kuma ba su daina miƙewa ba.

Naƙuda ta zo bayan azahar, tun safe ana ruwa. Na shimfiɗa katifa, na buɗe bayan jif. Matata ta fito zaure a duƙe, ta ga motar, ta kama bango.

"Malam, don girman Allah, kada ka kwantar da ni inda ake kwantar da su."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo aya. Inna ta ce, "Ƙyale ta. Mai naƙuda ba a sa ta abin da ranta ya ƙi." Sai muka shiga akori-kura, wadda ban ɗaga ba, ban canza wa ko taya ɗaya ba.

A fadama ta kafe, daidai wurin da ta kafe a wancan karon.

Da ƙafa na koma gida ɗauko jif, ina gudu ina faɗuwa cikin laka. Jif ta ratsa fadamar kamar tana kan kwalta. Lokacin matata ba ta da ƙarfin cewa a'a. Ni da Inna muka ɗauke ta muka kwantar. Katakon ya yi mata daidai, kai da ƙafa.

Mun isa Gummi, ta haihu. Yarinyar ta rayu, ita ce babbar 'yata. Uwarta ba ta kai magariba ba.

Har gobe in an ce camfi ne, na yarda camfi ne, kuma har gobe ina jin zafinsa. Da ta shiga tun farko, da mun isa da wuri. Da na ɗaga akori-kurar, da ta shiga motar da ta yarda da ita, wataƙila mun wuce. Allah ne masani.

Washegari da hantsi muka komo da ita a bayan jif, ina tuƙi a hankali saboda ramuka. Dattawan gindin bishiya suka miƙe tsaye. Ban leƙo na ce musu komai ba.