Kwanon Juma'a

Ban iya karatu ba sai bayan da na aurar da 'yata ta fari, shi ya sa yanzu ko ledar burodi na gani sai na karanta. Haka na ɗauki littafin tarihin jikata, na ci karo da wasu Turawa da ake kira Furitan. Sun bar Ingila a jirgin ruwa don suna ganin an gurɓata musu addini, suka sauka Amurka, suka kafa garuruwa bisa dokar cocinsu. Kowa idonsa na kan maƙwabcinsa. Wanda ya ƙi zuwa ibada a hukunta shi, wanda ya ja da manya a kore shi daga gari.

Na rufe littafin na hau safa da marwa tsakanin falo da kicin. Ai na san irin mutanen nan. A cikinsu aka haife ni.

Kakana da jama'arsa da ƙafa suka zo ta Sudan, gudun mulkin Nasara, suka zauna a unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki. Masu ibada ne na gaske, maraya bai taɓa kwana da yunwa a lungunmu ba. Amma suna da hukunci, kuma da kwano suke yin sa. Duk Juma'a gidaje kan aika wa juna abinci. In dattawa suka ce gida ya kauce hanya, sai a mayar masa da kwanonsa a rufe, ko murfin ba a ɗaga ba.

Ummi, mahaifiyata, rediyo ta saya a kasuwar Bab Makka. Iyakar laifinta ke nan. Juma'a bayan Juma'a tana dafawa, kwanuka suna dawowa da nauyinsu, har ranar da ta fasa rediyon da taɓarya a ƙofar gida, kowa na kallo. Sannan aka ci abincinta.

Dattawan sun rasu, al'adar tana nan. Maƙwabciyata, Bahaushiyar Sudan da mijinta ya rasu, 'yarta ta fara tuƙa mota tana kai matan lungu unguwa. Wata Juma'a sai ga wayar yayata.

"Kwanonsu ya iso gidanki?"

"Ya iso, Yaya. Shinkafa bukhari ce, har da zabibi."

"To a mayar. Mun gama magana, halas, shi ke nan."

"Ku da wa? Hukuma ta yarda mata su tuƙa mota, liman bai hana ba."

"Ke tun da kika iya alif da ba kanki ya kumbura."

"Ranar da ƙafarki ta kumbura fa, wa ya kai ki asibiti? Raƙumin Kaka?"

Ta kashe wayar.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsoro. Na zauna, na tashi, na ɗaga murfin, na mayar. Mace mai shekaruna in matan lungu suka juya mata baya, wa zai wanke gawarta? Sai na tuna Ummi da taɓarya a ƙofar gida. Na jawo kwanon na cinye tas, na wanke shi, na bi tsakiyar lungu da shi ana la'asar sakaliya, murfi a hannu ɗaya, kwano a ɗayan, don duk mai leƙe ta taga ta gani.

Juma'ar da ta biyo na aika kwano shida. Biyu suka dawo a wanke, huɗu da nauyinsu. Na Yaya yana cikin huɗun.

Gobe ma Juma'a ce. Na riga na jiƙa shinkafa, kuma shida zan zuba.