Fayafayan da Iya Ba Ta Sayarwa

A gidanmu na Mandawari hanci ne ke fara sanin Sallah ta matso. Da azumi ya raba tsakiya, Iya, mahaifiyar babanmu, za ta jawo tsohuwar tukunyar rininta daga bayan randa, ta ɗora a murhu bayan an sha ruwa an yi asham. Ta zuba karan dafi, ruwan ya tafasa ya yi ja wur, sannan ta dinga tsoma kaba tana juyawa da wani guntun muciya da ya daɗe da manta tuwo. Warin jiƙaƙƙiyar kaba da hayaƙin itace su cika tsakar gida, har maƙwabta su leƙo ta katanga su ce, "Iya an ɗora ke nan? A tuna da nawa."

Saƙar faifai ce sana'arta, kuma a shekara ba ta da kasuwa kamar ta ƙaramar Sallah. A lokacin ba a fita da tuwon Sallah a buɗe, kuma matar da ta isa ba ta yarda a ga kwanonta da faifan bara. Don haka hannun Iya ba ya hutawa. Basilla na shiga tana fita, ciyawa na naɗewa a cikin kaba, faifai na faɗaɗa a cinyarta daga tsakiya zuwa baki. Mu jikokinta uku, ni da ƙanena Sani da Ummi 'yar baffanmu, aikinmu tsaga kaba siri-siri. Ladanmu tatsuniya.

Ni ce mai tambaya a cikinmu. Iya takan ce da a ce tambaya laifi ce, da tuni an kore ni daga unguwa. Me ya sa ja ke kama kaba fiye da kore? Wa ya koya wa wanda ya fara koyarwa? Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani adudu ne, irin kwandon nan mai murfi, da ke ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai fayafayai da ba ta taɓa shimfiɗa wa mai saye. Su ne mafi kyau a duk abin da ta saƙa: saƙa matsattsiya, ja da baƙi da ɗorawa, bakinsu a ɗaure tsaf. Kowace shekara takan ƙara ɗaya ko biyu a kai.

Wata shekara Laraba dillaliya ta gan su. Ta shigo karɓar kaya ta tarar da adudun a buɗe, ta durƙusa ta ɗauki ɗaya tana juya shi a hasken fitila.

"Iya, wannan kuma ɓoyon na mene ne? Wallahi ina da mata a Gwammaja da ba za su tsaya tayi ba."

"Ba na sayarwa ba ne, Laraba."

"Na auren jikoki ne?"

"Na gidan nan ne."

"To ki ba ni rabi. Ga Sallah ta zo, ko ɗinkin yaran nan kya rage."

Iya ta karɓe faifan daga hannunta a hankali, ta mayar, ta rufe adudun. Laraba ta fita tana cewa tsufa dai ba ta da magani. Ni kuwa na kasa haƙuri. Da muka zauna a bakin murhu na ce, "Iya, in ba a sayarwa, ba a amfani da su, don me ake saƙa su?"

Ta ƙara itace, ta hura wutar, ta kalle ni ta gefen ido.

"Ga wata nan ta taho da ƙafa ɗaya," in ji ta. Haka take buɗe tatsuniyarta.

"A ba ta kujera!" muka amsa.

Wai a wani gari, tun kafin a san faifai, a buɗe ake kai tuwon Sallah. Yara su ɗauko akusa a ka su ratsa lungu, maza kuma na zaune a ƙofar zaure suna miƙa wuya. "Gidan wane kaji ne bana." "Gidan wane kuka ce, ko mai babu." Kafin akushi ya isa inda za shi, gari ya gama cinye shi da baki. Sannu a hankali masu ƙaramin ƙarfi suka daina aikawa don kunya. Masu hali suka ga ba a aiko musu ba, su ma suka daina. Sallah ta koma kowa ya ci nasa a ɗaki, ya rufe ƙofa.

Akwai wata mata Kande a garin, ƙanwarta na aure a gidan wani attajiri. Ba faɗa suka yi ba, amma shekaru sun wuce ba wadda ta taka gidan wata, don kowacce na jiran akushin 'yar'uwarta. Ana jajibirin Sallah Kande ta duba ɗaki, ba ta da komai sai garin dawa da kuka. Ta fita bayan gari ta zauna a gindin goruba tana share hawaye, sai ga kunkuru ya taho yana jan ciki.

A nan Iya kan sauya murya, ta yi ta can ƙasa kamar mai magana daga cikin tulu. "Ke baiwar Allah, shekara nawa kuna ganina a dajin nan? A cikinku wa zai iya rantsuwa ko ni mai ƙiba ne ko ramamme?"

Kande ta zuba wa ƙoƙon bayansa ido, ta ga yadda zanensa ke kewaya. Ta yanki kaba, ta tsinko ciyawa, ta zauna tana naɗawa. Da safe ta tuƙa tuwonta, ta kaɗa kukarta, ta kifa abin da ta saƙa a kan akushin, ta ɗora wa 'yarta a ka. 'Yan zaure suka miƙa wuya har ya ƙage, ba su ga komai ba. Wani ya ce ƙamshin kaza yake ji. Wani ya rantse rago ne. Kafin la'asar ƙanwar Kande ta zo da kanta, da nata akushin.

"Da ta buɗe ta ga kuka ce, me ta ce?" na tambaya.

Iya ta ɗaga basilla ta nuna ni. "Au, ashe muna da 'yar zaure a gidan nan ban sani ba."

Sani da Ummi suka fashe da dariya. Na ji haushi, amma ban fasa sauraro ba, don labarin bai ƙare ba. Da shekara ta kewayo kowa a garin ya rufe akushinsa, aike ya dawo kamar da. Sai matan attajirai suka ce su nasu a sa masa launi. Ba a jima ba 'yan zaure suka koyi karanta murfi: mai ja da baƙi na gidan kaji ne, fari sol na gidan kuka. Abin ya koma gidan jiya. Kande ta sake komawa gindin gorubar neman kunkuru, ba ta gan shi ba. Ta dawo gida ta rufe ƙofa, aka yi ta jin tana saƙa.

"Ƙurunƙus," in ji Iya, "wuta ta ci itacenta, kowa ya nemi tabarmarsa."

"Iya, ai ba a ƙare ba! Me ta saƙa?"

"Ni ma a nan aka tsaya mini."

Na kwanta da abin a raina, na tashi da shi. Kwanakin da suka rage na azumin na yi su ne ina gadin adudun nan da ido. Ranar jajibiri, ana idar da magariba, na ga Iya ta kwashe fayafayan duka, ta cusa su a ƙarƙashin mayafinta, ta ɗauki carbinta kamar mai zuwa gaisuwa. Na ce zan raka ta, ta ce ƙunshina bai bushe ba. Ta dawo kafin isha, mayafin ba komai a ciki sai faifai ɗaya da ta ajiye wa gidanmu.

Da safe, muna dawowa daga idi, lungu ya cika da yara ɗauke da kwanuka. A nan na fara ganin fayafayan adudun. Ga ɗaya a kan samirar gidan Malam Garba mai faci. Ga wani a kan kwanon Goggo Amarya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Na ce a raina, yanzu na gane, aro take ba marasa hali. Ban gama jin daɗin wayona ba sai ga 'yan aiken gidan Alhaji Mudi sun fito, mutumin da ke da rumfuna a kasuwa, wanda ƙofar gidansa kaɗai ce ta ƙarfe a lungunmu. A kan kwanonsu ma faifan Iya ne, na cikin adudu. Can kuma ga na gidan liman. Lissafina ya rushe.

Na same ta a ɗaki tana shafa man shanu a tafin hannunta da ya tsage.

"Iya, gidan Alhaji Mudi fa? Ai su za su iya sayen duk abin da kika saƙa."

"Za su iya."

"To don me kika ba su aro?"

"Roƙonsu na yi su karɓa. Hajiyar gidan ta san dalili." Ta ci gaba da murza hannunta. "In masu rashi kaɗai na ba, Hadiza, ai na rubuta musu a goshi ke nan."

Bayan Sallah fayafayan suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu a hannun yara, wasu a ƙarƙashin mayafi, wani da ɗigon miya a gefe. Ta goge su, ta shanya a inuwa, ta mayar cikin adudu.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni ce na gaji basillar. Yanzu ina zaune a Goron Dutse, muna saƙa da wasu mata biyu 'yan lungunmu, fayafayai da kwanduna da ƙananan tabarmin teburi. Hoto nake ɗauka in sa a waya, masu so su yi magana, in aika musu ta mota. Yawancinsu a bango suke rataye faifan don ado, tuwon Sallah kuma a kula ake kai shi. Duk da haka kasuwarmu ba ta tashi sai azumi ya yi nisa. Waya ba ta daina ƙara, kowa na son nasa kafin Sallah, wannan ta ce ja ya yi yawa, waccan ta sauya launi bayan an gama rini. Yatsuna kan yi ja su yi baƙi har ƙunshi ya rasa wurin zama.

A irin wannan hidimar ce, azumin da ya wuce, Ummanmu ta zo ta kwana biyu a wurina. Idonta ya yi rauni ga saƙa, amma tsaga kaba ba ta bar hannunta ba. Muna zaune a bakin tukunyar rini, wata mai shago ta kira tana son duk abin da ke ƙasa, har da 'yan ƙalilan da nake warewa ban sa musu farashi ba. Na ce mata waɗannan ba na sayarwa ba ne. Umma ta yi murmushi ba ta ɗago ba.

Sai tsohuwar cutata ta motsa. Na ce, "Umma, ni fa har yau akwai abin da ban sani ba. A cikin gidajen da Iya ke ba aro, waɗanne ne na rashi da gaske, waɗanne ne na rakiya?"

Ta tsaga kaba ɗaya har ƙarshe kafin ta amsa.

"Kin tuna shekarar da Laraba ta matsa a sayar mata?"

Na ce na tuna.

"Shekarar ce kayan babanku suka nutse a ruwa ana kan hanya, bashi ya yi masa katutu. Tuwon da muka fitar ran Sallah ko ƙashi babu a miyarsa. Ke kika kai na gidan Alhaji Mudi a kanki, kina tafe kina rangaji da sabon faifai."

Na tuna tafiyar sarai. Na tuna yadda na ratsa lungu ina jin duk duniya ni take kallo, da yadda Hajiyar gidan ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta shige da shi ɗaki ba ta buɗe a gabana ba, ta fito ta ba ni alawa ta ce in gaida Iya. Ban san komai ba. Shekara da shekaru ina ɗauka mu ne masu rufa wa unguwa asiri.

Na ci gaba da juya kaba a tukunya. Iya na da abin da za ta sayar ta sa nama a miyarmu a wannan shekarar, kuma ta san da haka lokacin da take rufe adudun a gaban Laraba. Na yi ta auna abin, har yau ban tabbata ni zan iya ba. Abin da na sani shi ne, da ta sayar, da mun ci nama rana ɗaya, sauran gidajen kuma su fita da kwanonsu yadda kowa zai karanta.

Na ce, "Sauran gidajen fa, Umma?"

Ta miƙo mini damin kabar da ta tsaga.

"Namu na gaya miki, don naki ne. Na mutane kuma ki bar musu a rufe."