Sojan Da Ƙasa Biyu Suka Ƙi

Har gobe, in na shiga ɗakin da ake ajiye doya, na shaƙi ƙamshin nan na ƙasa mai danshi da ɗan tsami-tsami, sai in ja da baya. Jikokina kan yi dariya, wai tsohuwa na tsoron doya. Kakana nake tunawa, mahaifin babana, da kwanakin da muka kulle shi a irin wannan ɗaki a gidanmu na Yendi.

Ka ga, shi ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Babusange ne, daga wani ƙauye arewa da Bawku, a ɓangaren da Faransa ke mulki. Yana saurayi aka zo ɗibar mutane aikin tilas na fasa dutse a hanya. Da ya ji har da shi, sai ya gudu da ƙafa ya ƙetaro. Yunwa ce ta kai shi bariki, domin lokacin Bature na neman dogayen samari, ba ya tambayar inda aka binne cibiyar mutum. Aka aske shi, aka ba shi kaki da bindiga, ya zama sojan ƙasa. A can ya koyi Hausa, irin ta bariki wadda ba ta raba mace da namiji. Kakata kuwa 'yar Salaga ce, jikar fataken goro, Hausarta cikakkiya. Ta daɗe tana gyara masa in ya ce mata, "Uwargida, ka gama abinci?" har ta gaji ta ƙyale shi.

An kai su yaƙin Bama a jirgin ruwa. Ba ya son zancen. Abin da muka sani mun tsinta ne kaɗan-kaɗan, yawanci da damina, in ruwa ya tsare mu tare a rumfa. Ya ce daji ne da rana ba ta taɓa ƙasa, matsattsaku na shiga takalmi su sha jini mutum bai sani ba. Wata rana bam ya faɗi kusa da ramin da suke ciki shi da abokinsa, ƙasa ta rufta musu. Bakinsa cike da laka, iska na shigowa ta wata 'yar kafa. Ƙafar abokin na kan ƙirjinsa, yana jin ta da ɗumi, har ya ji ta yi sanyi. Sai washegari aka tono shi.

Tun daga nan bai ƙara kwana a ɗaki ba. Da aka sallame su ya nemi aikin gadi a wani shagon goro a Salaga, saboda aiki ne na waje. Can kakata take da babana, don tun kafin yaƙi ya aure ta, daga baya suka bi cinikin doya zuwa Yendi. Ni na tashi na tarar da tabarmarsa a rumfar tsakar gida, rani da damina. Gida kuwa bai koma ba. Labari ya iske shi cewa ƙanensa aka ɗauka a madadinsa, kuma bai dawo ba. Ko bayan Faransa ta tafi, kowace shekara sai ya ce bayan girbi zai je, girbi ya wuce yana zaune.

Ban fi shekara takwas ba lokacin da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa. An gama haƙar doya ke nan. Zango, unguwarmu ta baƙi, ya rikice. Maƙwabta na sayar da gado da tukwane a bakin hanya, manyan motoci na fita cike da mutanen da muka sani tun haihuwa. Babana a nan aka haife shi, dangin uwarsa suka tsaya masa. Kaka kuwa ba shi da komai sai lambar yabo guda da tsohuwar rigar soja.

Babana ya yanke shawarar a ɓoye shi a ɗakin doya har abin ya lafa. Ɗaki ne marar taga, rufinsa ƙasa-ƙasa. Kaka ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar kafin ya sunkuya ya shiga.

Ni ke kai masa abinci da rana. Nakan tarar da shi a jiƙe sharkaf da gumi, farcensa duk jar ƙasa saboda tonon bango. Tuwon ma ba ya ci. In na fito na ja ƙofa, sai in zauna in jingina da ita.

"Amarya, kana nan?" Haka yake kirana.

"Ina nan, Kaka."

"Faɗa mini, akwai hadari a sama? Kaji me yake yi?"

Sai in yi ta ba shi labarin tsakar gida, wace kaza ta kori wace, ina inuwar mangwaro ta kai. In na yi shiru sai in ji numfashinsa na fita da ƙyar.

Bai cika mako ba. Wata safiya ya buga ƙofar da kafaɗa har sakata ta karye, ya fito yana kare ido da hannu. Ya sa rigar sojansa, ya maƙala lambar.

Babana ya durƙusa a gabansa. "Baba, ka ƙara haƙuri. 'Yan sanda na kan layi."

"An binne ni sau ɗaya," in ji shi. "Na biyu sai na mutu. Kai ni iyaka."

Muka hau motar katako zuwa Bawku, ni da shi da kakata da babana, daga nan muka wuce Kulungugu, bakin iyaka. Jami'an ɓangarenmu suka ɗaga mana sanda ba tambaya. Da muka isa ɗaya ɓangaren, jami'in ya dubi rigar, ya dubi lambar, ya nemi shaidar cewa kaka ɗan ƙasarsu ne. Kaka ya yi masa Busanci, yarensu, ya faɗi sunan ƙauyensu da na ubansa. Mutumin ɗan wani yanki ne, bai ji ba. Ya ce ta bakin tafinta, sojan Ingila ya koma wurin waɗanda ya yi wa yaƙi. Muka juyo, na baya suka ce wanda ya fita ya fita.

A gindin wata ɗorawa muka zauna, tsakanin sandunan biyu, tare da wasu irinmu. Kakata ta kafa duwatsu uku tana dafa doyar da muka taho da ita. Kaka na zaune yana kallon arewa. Ya nuna mini wani tsauni can nesa, shuɗi-shuɗi, ya ce a bayansa garinsu yake.

Kwanaki muka yi a wurin kafin wani dattijon ɗan sanda ya tako ya tsaya kansa. Ya tambaye shi rundunar da ya yi wa aiki, kaka ya miƙe ya ƙame ya faɗa. Ashe yayan mutumin ma ya je yaƙin, bai dawo ba.

"Baba, bi ta bayan gonar nan ka koma Bawku," in ji shi a hankali. "Amma kada in sake ganinka a kan hanya."

Gwaggona na aure a zangon Bawku, ita ta karɓe mu. Babana ya koma Yendi, ni aka bar ni da tsofaffin. Daga baya dokar ta yi sanyi, wasu ma suka dawo, amma kaka ya riƙe maganar ɗan sandan kamar umarnin hafsa. Daga rumfa zuwa masallaci, daga masallaci zuwa rumfa. Bai sake ganin Salaga ba, bai sake ganin Yendi ba. Da ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe. A haka ya tsufa, a haka ya rasu.

Sai da na aurar da 'yata ta fari na nemi ƙauyen. Ɗan acaɓa ya ƙetare da ni, na nuna kati aka ce in wuce. Na bar gida bayan karin kumallo, kafin azahar ina can. Aka kai ni wurin wata tsohuwa, 'yar ƙanwar kaka. Ta ce ƙanen nan ya dawo daga aikin tilas da ransa, ya haifi 'ya'ya, ya mutu da furfura. Ta ce uwarsu ta hana kowa noma gonar kaka har ta bar duniya, kullum tana cewa zai zo bayan girbi.

Yanzu hanyar ta sake lalacewa, masu bindiga sun hana shiga yankin, a nan Bawku ma wani lokaci magariba na yi sai kowa ya shige gida. Matasanmu na ta ficewa, wasu kudu, wasu ƙetaren hamada, kowa na cewa shekara biyu zai yi ya dawo. Nakan sa musu albarka. Sannan in riƙe hannun yaro in ce, duk labarin da ya iske shi game da gida, ya zo ya gani da idonsa.