Na Yi Wa Babur Ɗin Baffa Rowar Mai

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A shekarun da aka soma shari'a a jiharmu, ni saurayi ne mai ji da kansa, ina zaune a wani ƙauye can bayan Baure, sana'ata sarin gero da wake ina kaiwa kasuwa. Ba ni da mata, ba ni da wata dukiya, amma ina da abin da samarin garinmu ke haɗiyar yawu a kansa, wato wani tsohon babur dogo mai tayoyi masu kaushi, irin waɗanda aka taɓa raba wa malaman gona. Na baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifin nawa. Da shi ya yi aiki har ya yi ritaya, aka bar masa shi a gwanjo. Da gwiwarsa ta gaza buga kik sai ya miƙa mini makullin. Hanyar garinmu rairayi ce zalla har sai ka hau kwalta, ƙananan babura sai an sauka an tura, namu kuwa ratsawa yake yi yana gurnani. Sharaɗi ɗaya Baffa ya gindaya mini, ya ce kada in kuskura in yi masa rowar mai, domin cinsa irin na shanun noma ne, aikinsa ma haka.

Gaskiya babur ɗin akwai shan mai, ga shi lokacin fetur ya yi wuya, sai wurin 'yan bumburutu, su kuma abin da ke cikin galan ɗinsu Allah kaɗai ya sani. Wata rana a Daura ya fara shaƙewa yana mutuwa, na tura shi garejin wani bakanike abokina a kusa da Kusugu. Ya kwance kafireta don ya wanke dattin, ya zaro wani ɗan ƙarfe ja mai rami a tsakiya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ce shi ne jet, ta wannan ramin mai ke bi ya shiga inji. Yana cikin hura shi da baki sai ya suɓuce ya faɗa cikin ƙasar garejin da baƙin mai ya jiƙe. Muka tone wurin har da rariya, ko alamarsa. Muka zaga masu sayar da kaya, kowa ya ce an daina kawo na irin wannan babur, sai dai a gwada Kano. Daga ƙarshe abokin nawa ya ɗaura na wani ƙaramin babur, ya ce raminsa ya yi ƙanƙanta, in lallaɓa da shi zuwa gida, in dawo ya sa a nemo mini na ainihi.

Ban koma ba. A kan kwalta babur ɗin ya yi wani irin sauƙi, man da a da ba ya kai ni ko'ina ya zama ina zuwa in dawo da saura. Na shiga yi wa abokaina alfahari cewa na koya wa tsohon Baffa azumi. Na ga alamu, ba ni da abin cewa. Injin ya riƙa zafi har ina jin hucinsa ta wando, in na kwance fulogi sai in gan shi fari fat kamar toka, in na ja giya a hawa sai in ji wani ƙyal-ƙyal a ciki. Na san kunnen Baffa ba zai rasa wannan ƙarar ba, don haka kullum in na shigo gari sai in kashe tun daga bakin lungu, in turo shi zuwa zaure. Har yabona ya yi a gaban dattawa, ya ce yaron nan yana da ladabi, ba ya tayar wa mutane da hankali da ƙara.

Ranar da abin ya faru kaka ce, ana girbin gero. Da hantsi aka rugo aka ce maciji ya sari Baffa a gona, yana ɗaga dami kububuwa ta same shi a idon sawu. Mutane suka ce a kira mai magani, shi kuwa da ya yi rayuwarsa cikin gonaki ya ce ya san irin wannan saran, allura ce kawai maganinsa, a kai shi asibitin Daura. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, mota kuma sai ranar kasuwa. Duk idanu suka dawo kaina, aka ce alhamdu lillahi tunda ga babur. Aka ɗora shi a bayana, aka ɗaure mu tare da rawaninsa don kada ya zame, na buga kik, ni kaɗai na san abin da ke cikin kafireta.

Muna shiga rairayi mai zurfi, ga nauyin mutum biyu, ga rana ta take, sai ƙyal-ƙyal ɗin ya tashi sosai. Na ji Baffa ya ɗago kansa daga kafaɗata ya saurara. A hankali ya tambaye ni wa ya taɓa jet. Na gaya masa komai muna tafe. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ja cok in riƙe, zai ƙara wa injin mai, kuma kada in matsa masa. Na yi haka, ƙarar ta ɗan lafa, har na fara sa rai. Amma cok ba ya maye gurbin rami. Mun yi nisa da gari, ba mu kai kwalta ba, sai injin ya yi wani kuka, tayar baya ta cije, muka tafi luu muka kwanta a cikin rairayi. Na kwance rawanin, na jawo Baffa ƙarƙashin wata bishiyar aduwa, na koma na taka kik, na ji shi kamar an kafe shi da ƙusa. Fistin ya kama. Baƙin man da ke sanyaya injin a cikin fetur ake zuba shi, da na rage masa fetur ashe har da shi na rage.

Ban taɓa sanin mene ne rashin dabara ba sai a wurin nan. Ƙafar Baffa ta kumbura har gwiwa, in ya tofa yawu sai in ga jini. Na goya shi na yi 'yar tafiya, rairayi ya riƙe ƙafafuna, muka zube. Na bar shi na ruga gaba ina kururuwa, ba kowa sai karan gero, na tuna na bar shi shi kaɗai na rugo baya. Na yi ta watsa wa injin ƙasa mai sanyi daga gindin bishiya wai ko ya saki, na taka kik har takalmina ya tsinke. Baffa ya ce in zauna haka nan, in riƙe masa hannu. Na zauna ina kuka kamar ƙaramin yaro, shi ke ba ni haƙuri.

Sai bayan azahar wani Bafulatani ya ɓullo da amalanken shanu, Allah ya saka masa da alheri, ya sauke kayansa a wurin ya ɗauke mu. Shanu ba su san gaggawa ba. Muna cikin wannan tafiyar Baffa ya jawo kunnena kusa da bakinsa, na zaci wasiyya zai yi a kan gona ko iyali. Sai ya ce: "Ɗana, in ka koma gida ka duba gwangwanin madara a kan katangar ɗakina. Akwai sabon jet a ciki, tun ina aiki na ajiye. Ka ɗaura masa, wani zai buƙace shi bayana." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kullum ina wucewa ta ƙarƙashin gwangwanin nan in gaishe da Baffa, ina turo babur a kashe don kada ya ji.

Mun isa asibiti da yamma, aka yi masa allurar, ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jinin ya ƙi tsayawa. Washegari Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi likita ko da mun zo da wuri da ya tashi, ya ce ba shi da wannan sanin. Malamai sun yi mini nasiha cewa kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka, amma har yau ban daina yi wa kaina tambayar ba.

Bayan sadakar bakwai na sauko da gwangwanin. Jet ɗin na nan a naɗe cikin tsumma, yana ƙyalli. Na sa aka gyara injin, aka ɗaura shi, babur ya dawo da muryarsa ta da. Ya kai masu naƙuda da marasa lafiya asibiti ban san iyaka ba, bai sake tsayawa da ni a rairayi ba, kuma ban sake kashe shi a bakin lungu ba.

'Yan'uwana masu babura, musamman na karkara, na san har yanzu ana ƙanƙanta jet, wasu ma silin waya suke cusawa a ramin don a rage shan mai. Ku sani babur ɗin da ke ƙauye ba na mai shi kaɗai ba ne, ranar da za a buga ƙofarka ba za a ba ka lokacin gyara ba. In kuma an taɓa wani abu a cikinsa, ku gaya wa wanda ya fi ku saninsa tun kuna iya jin kunyar. Ni tambaya ɗaya ce ta raba ni da gwangwanin nan, ban yi ta ba. Wanda ya karanta wannan ya sa Baffa a addu'a.